Yadda Linus Torvalds Ya Koyi Magana da Inji

A farkon shekarar 1991, a wani ɗaki a birnin Helsinki na ƙasar Finland, wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 21 ya kira ƙanwarsa ta zo ta ga abin da ya yi. A fuskar kwamfutarsa harafin A ne ke ta fitowa a jere, can sai ya tsaya, harafin B ya karɓa, can kuma A ya dawo. Yarinyar ta duba, ba ta ga abin a zo a gani ba, ta yi tafiyarta. Kusan kowa ma haka zai yi. Sai wanda ya san abin da ke gudana a ƙarƙashin haruffan ne zai ja kujera ya zauna, domin a nan aka fara Linux.

Firosesa, wato ɗan guntun da ke yin lissafi a cikin kwamfuta, umarni ɗaya yake bi a lokaci guda, in ya gama ya ɗauki na gaba. Wanda ke cikin injin Linus Torvalds, Intel 386, ba shi da hanyar yin aiki biyu tare. Linus kuwa ya rubuta 'yan manhajoji biyu, ɗaya ba ta san komai ba sai buga A, ɗayar sai buga B, kuma kowacce an tsara ta ne ta yi ta yi ba ƙarshe, ba ta da niyyar sakar wa 'yar'uwarta firosesa. To wa ke raba su? A cikin kwamfutar akwai ɗan agogo da ake iya saitawa ya riƙa katse firosesa a kai a kai. Duk sanda ya buga, firosesa zai dakatar da abin da yake yi ya nufi wani adireshi da mai rubutun ya riga ya tanada. Abin da aka rubuta a wannan adireshin shi ne gwanintar. Dole a kwashe duk lambobin da ke cikin rajistocin firosesa, 'yan wuraren ajiya ƙalilan da yake lissafi da su, har da lambar da ke nuna umarnin da aka tsaya a kai, a adana su a gefe. Sannan a ɗauko na ɗaya manhajar waɗanda aka adana ɗazu, a mayar da kowace lamba gurbinta, a saki firosesa. Manhajar B za ta ci gaba daga daidai inda aka tsayar da ita, ba ta ma san an taɓa tsayar da ita ba.

Shi 386 yana taimakawa wajen wannan adanawa, amma da sharaɗi: sai ka shimfiɗa masa teburan bayanai daidai yadda littafin kamfanin Intel ya tsara, ba ƙari ba ragi. Lamba ɗaya ta kauce, injin ya daskare, ko ya mutu ya sake tashi da kansa, ba tare da ya ce uffan a kan dalili ba. Babu babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, a ƙasa da za ta fito maka da saƙon kuskure, tunda ita ɗin ce kake ƙoƙarin ginawa. Abin da ya rage wa mai rubutu shi ne ya koma kan kod ɗinsa layi bayan layi, yana riƙe a kansa abin da ke cikin kowace rajista a kowane mataki, har ya gano inda tunaninsa ya saɓa da na injin. Wannan iya riƙe inji a ka, a wurina, shi ne tushen sana'ar rubuta manhaja, kuma ba a dare ɗaya Linus ya same shi ba.

An haife shi ranar 28 ga Disamba, 1969, a cikin tsirarun mutanen Finland masu magana da harshen Suwidin. Iyayensa duka 'yan jarida ne. Kakansa na wajen uwa, Leo Törnqvist, farfesan ƙididdiga ne a Jami'ar Helsinki, kuma shi ya sayo wata kwamfuta Commodore VIC-20 wajejen 1981 don lissafinsa. Tsohon yakan rubuta manhajojinsa a takarda, ya ɗora jikan a cinya, yaron ya riƙa buga su cikin injin. Ba fahimtar lissafin yake yi ba, amma hannunsa ya saba, idonsa ya fara gane cewa wannan layin ne ke haifar da wancan sakamakon. Da kakan ya rasu, kwamfutar ta koma hannunsa.

Wurin da VIC-20 ke bar wa mai rubutu bai wuce na haruffa 3,500 da 'yan kai ba, ko rabin wannan rubutun ba zai ɗauka ba. Harshen da ta zo da shi, BASIC, mai sauƙin koyo ne amma yana da nawa. Yaro mai son yin wasan da abubuwa ke gudu a fuskar talabijin dole ya sauka ƙasa, zuwa harshen injin kansa, inda kowane umarni lamba ce tsura. Akwai manhajar da ake kira asambla, wadda ke barin mutum ya rubuta gajerun kalmomi ita kuma ta mayar da su lambobi, amma Linus ya ce a lokacin bai san da ita ba. Don haka da hannu yake rubuta lambobin. Ka yi tunanin wahalar: umarnin da ke cewa "koma baya wuri kaza" lamba yake ɗauke da ita, kuma da zarar ka cusa sabon umarni a tsakiya, duk abin da ke bayansa ya gusa, sai ka sake ƙirga kowane tsalle. Ba zan ba wani yaro shawarar ya bi wannan hanya yau ba, akwai waɗanda suka fi ta sauƙi. Amma wanda ya bi ta, kwamfuta ta daina zame masa akwatin sihiri har abada. Ya san babu komai a ciki sai lambobi a adireshi-adireshi, da wani abu mai bin su ɗaya bayan ɗaya.

A 1987 ya tara kuɗi ya sayi Sinclair QL, ƙirar Ingila, mai firosesa Motorola 68008. Masu irinta a Finland ba su da yawa, manhajarta kuwa sai an yi oda ta gidan waya daga Ingila an jira. Sai ya riƙa rubuta kayan aikinsa da kansa: manhajar gyara rubutu, da asambla tasa, da wasanni. Wani abu da ya faru a nan ya fi sauran nuna halinsa. Ya sayi na'urar haɗa faifan fulofi, direban da ta zo da shi, wato manhajar da ke tuƙa na'urar, bai gamsar da shi ba, sai ya rubuta nasa. Cikin haka wani abu ya ƙi aiki. Maimakon ya haƙura, sai ya warware babbar manhajar injin, ya mayar da lambobinta zuwa umarnin da ake iya karantawa, ya bi su har ya gano cewa abin da take yi ya saɓa da abin da takardunta suka ce tana yi. Ya ga kuskuren da idonsa, amma ba damar gyarawa, don an ƙone babbar manhajar a cikin guntun da ba a iya sake rubutu a kansa. Wanda ya taɓa ganin aibin abu, ya san maganinsa, aka kuma hana shi taɓawa, zai fahimci dalilin da ya sa daga baya ya bar kod ɗinsa a buɗe.

Ya shiga Jami'ar Helsinki a 1988 yana karanta kimiyyar kwamfuta. Bayan shekara guda ya tafi aikin soja na dole, wata goma sha ɗaya. Da ya dawo a 1990, sashensu na shirin fara koyar da harshen C da babbar manhajar Unix, a kan wani inji MicroVAX da mutum goma sha shida kawai ke iya shiga a lokaci guda. Kafin a buɗe makaranta ya sayi littafin Andrew Tanenbaum, malami a wata jami'a a Amsterdam, mai suna Operating Systems: Design and Implementation, shafi 719, ya kwashe hutun yana karantawa. Littafin ba bayani kawai ya ƙunsa ba. A bayansa an buga kod ɗin wata ƙaramar babbar manhaja mai kama da Unix, Minix, layi kusan 12,000, wadda Tanenbaum ya rubuta musamman don ɗalibai su gani su taɓa.

Abin da ya kama zuciyarsa a Unix shi ne ƙanƙantar tushenta. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka fara ta a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1969, kuma kusan duk abin da manhaja ke roƙon ta ana iya gina shi daga 'yan buƙatu shida: buɗe fayil, rufe shi, karanta, rubuta, sai manhaja ta raba kanta gida biyu, sai kuma ɗaya daga cikin biyun ta rikiɗe ta zama wata manhaja dabam. Kibod fayil ne, faifai fayil ne, layin waya ma fayil ne, duka ana karanta su ana rubuta musu ta hanya ɗaya. Mutumin da ya shekara tara yana faɗa da injina ta ƙasa, kowace matsala da dabararta, yanzu ya ga yadda tunani mai tsafta ke tattara matsaloli ɗari ya mayar da su ɗaya.

Ina yawan jin matasa suna gardama a kan ko mai son zama marubucin manhaja yana buƙatar jami'a. Masu cewa a'a sukan kawo sunayen waɗanda suka koya a ɗaki, masu cewa e sukan nuna takardar shaida. Labarin Linus bai tsaya wa kowane ɓangare shi kaɗai ba. Ɗaki ne ya ba shi hannu da juriya, da rashin tsoron buɗe cikin abu. Amma da a ɗakin ya tsaya, da ya ƙare a matsayin gwanin dabarun injin da ba wanda ke saye. Jami'a ce ta haɗa shi da Unix da C, ta sa littafin Tanenbaum a gabansa, ta ba shi intanet a lokacin da ba kowa ke da ita ba. Ajinsu kuma cike yake da ɗaliban da suka karanta littafi ɗaya da shi. Bambancin shi ne shi ya zo da hannun da zai iya aiwatar da abin da ya karanta.

A watan Janairun 1991 ya sayi kwamfuta mai firosesa 386, gudunta megahaz 33, ma'adanar aikinta megabait 4, babban faifanta megabait 40, a kan biya kaɗan-kaɗan. Ya yi odar Minix, ta ɗauki sama da wata kafin ta iso. Da ta zo ya same ta da gazawa, kuma wadda ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ita ce manhajar da ake kiran kwamfutar jami'a da ita ta layin waya. Sai ya ce bari ya rubuta tasa, kuma don ya koyi 386 sosai, ya yanke cewa ba za ta hau kan Minix ba, daga fulofi za ta tashi ta yi magana da ƙarfen kai tsaye. Irin wannan manhaja aiki biyu take yi a lokaci ɗaya: tana sauraron kibod tana aika abin da aka buga zuwa modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, tana kuma sauraron modem tana zuba abin da ya zo a fuskar kwamfuta. Ga asalin A da B ke nan. Da suka yi aiki, sai ya cire buga haruffan ya sa waɗannan ayyuka biyu a madadinsu.

Daga nan kamar wasa ƙaramar magana ta zama babba. Yana son ya sauko da fayil daga jami'a ya ajiye, ajiyewa kuwa sai da direban faifai, ya rubuta. Faifai ba ya sanin fayil, ɓangarori masu lamba kawai ya sani, don haka sai da tsarin da zai riƙe cewa fayil kaza yana ɓangare kaza da kaza. Ya rubuta wannan ma, ya sa ya dace da na Minix don ya iya karanta abin da ke faifansa. Mai raba lokacin firosesa, mai tuƙa na'urori, mai kula da fayiloli: wanda ke da waɗannan uku ya riga ya kama hanyar kanel, wato zuciyar babbar manhaja. Ba wai ya zauna ya zana babban gini ba ne sannan ya fara. Kowane mataki buƙata ce ta gaske ta jawo shi, kuma a kowane mataki yana da abu mai aiki a hannu, wanda zai iya kunnawa ya gwada.

Yadda ya ƙarasa ginin ya fi komai burge ni. A watan Yuli ya nemi wanda zai ba shi takardun POSIX, ƙa'idojin da ke fayyace abin da manhaja za ta iya roƙon Unix. Bai samu ba, sai ya koma ga littattafan injinan Sun da ke jami'a. Amma bin jerin buƙatu ɗaya bayan ɗaya a takarda aiki ne mai gundura, kuma ba ka ganin ko kana ci gaba. Sai ya ɗauko bash, manhajar da ke karɓar umarnin mai amfani da kwamfuta, ya ɗora ta a kan kanel ɗinsa da bai kammala ba. Ya tsara cewa duk sanda bash ta roƙi abin da bai riga ya rubuta ba, kanel ya buga masa lambar abin a fuska. Ya kunna, ta tsaya, ya ga lambar, ya rubuta abin da ake nema, ya sake kunnawa, ta ɗan ƙara gaba ta sake tsayawa. Da haka manhaja ta gaske ta riƙa faɗa masa aikin da ke gaba, da kuma wanda ba a buƙata tukuna. Ranar da bash ta tashi ta tsaya da ƙafarta, ƙananan manhajoji da yawa suka biyo baya cikin sauƙi, domin ta riga ta tilasta masa rubuta mafi yawan abin da su ma suke nema.

Ya kamata a faɗi cewa ba shi kaɗai ya yi komai ba. Bash da gcc, manhajar da ke fassara harshen C zuwa lambobin inji, duka daga shirin GNU suka fito, wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983 don samar da Unix ta kowa da kowa. Sun yi kayan aiki da yawa, kanel ne ba su gama ba. Sanin abin da za ka rubuta da abin da za ka ara shi ma ɓangare ne na sana'ar.

Ranar 25 ga Agusta, 1991, ya sanar da masu amfani da Minix cewa yana rubuta babbar manhaja ta kyauta, ya ce abin sha'awa ne kawai, ba zai girma ba, kuma a ɗaure yake da 386. Ranar 17 ga Satumba aka ɗora sigar 0.01 a wata ma'ajiya ta jami'o'in Finland, layi dubu goma da 'yan kai, kibod ɗin Finland kaɗai ta sani. Shi Freax ya so ya kira ta. Ari Lemmke, mai kula da ma'ajiyar, bai so sunan ba, ya sa wa wurin ajiyar Linux, sunan ya zauna.

Abubuwa biyu a ƙarshen wannan shekara suka raba shi da Minix. Na farko tsautsayi ne: yana son kiran jami'a, sai ya ba manhajar sunan babban faifansa a maimakon na modem, ta rubuta umarnin kiran waya a kan ɓangaren da Minix ke zaune. Tunda a Unix duka fayil ne, ba ta ga bambanci ba. Ya duba, ya ga Linux ta kai ta ɗauki nauyin kanta, bai sake ɗora Minix ba. Na biyu roƙo ne daga wani mutum a Jamus mai megabait 2 kacal, wanda gcc ba ta iya tashi a injinsa. A hutun Kirsimeti Linus ya zauna ya rubuta masa mafita. Ana yanka ma'adanar aiki shafi-shafi, kowanne kilobait 4. Idan ta cika, kanel ya zaɓi shafin da ba a taɓa ba kwanan nan ya kwafe shi zuwa faifai, ya yi masa alamar ba ya nan. Sanda manhaja ta miƙa hannu gare shi, firosesa ya katse ta ya kira kanel, kanel ya dawo da shafin, manhajar ta ci gaba ba ta san an yi ba. Minix ba ta da wannan. Da sigar 0.12 ta fito da shi a Janairun 1992, mutane suka fara ƙaura. A wannan sigar ce kuma ya sanar da komawa lasisin GPL na GNU, wanda ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, har ya sayar, muddin zai ba wanda ya karɓa kod ɗin a kan sharaɗi ɗaya.

Sai faci, wato gyaran kod, ya fara zuwa daga mutanen da bai taɓa gani ba, wannan ya gyara kuskure, wancan ya ƙara direba. A watan Maris na 1992 ya ɗaga lambar siga zuwa 0.95 yana zaton an kusa gamawa, ashe haɗa kwamfuta da kwamfuta ta hanyar sadarwa zai ci shekara biyu. Sai Maris na 1994 aka fitar da 1.0, layi sama da 176,000. A tsakanin nan aikinsa ya sauya. Rubutu ya ragu, karatun rubutun wasu ya ƙaru, kuma dole ya iya duban faci mai aiki sarai ya ce a'a, a sake. Da me yake aunawa?

Ya ba da misali a wani taron TED a 2016, kuma misalin ya cancanci a tsaya a kansa. A cikin manhaja akwai hanyar jera abubuwa inda kowanne ke riƙe da adireshin na bayansa. Ɗauki ayarin raƙuma. Madugu yana gaba riƙe da akalar raƙumin farko, akalar na biyu an ɗaure ta a sirdin na farko, ta uku a sirdin na biyu, haka har ƙarshe. Ana so a cire raƙumi ɗaya. Yadda ake koya wa ɗalibai shi ne: bi ayarin kana tuna raƙumin da ka wuce, in ka iso wanda ake nema, kwance akalarsa daga sirdin na gabansa, ka ɗaura akalar na bayansa a wurin. Amma idan na farko ne za a cire, babu raƙumi a gabansa, don haka sai an ƙara doka ta biyu: in na farko ne, miƙa wa madugu akalar na biyu. Wannan daidai ne, yana aiki. Hanyar da Linus ya fi so ita ce ka daina ƙirga raƙuma, ka riƙa bin wuraren da ake riƙe akala. Hannun madugu wuri ne, sirdin farko wuri ne, sirdi na biyu wuri ne. Bi su har ka iso wurin da ke riƙe da akalar wanda ake nema, ka sauya ta da ta na bayansa. Ko hannu ne ko sirdi, doka ɗaya ce. A harshen C wannan shi ne riƙe adireshin wurin da aka ajiye adireshi, kuma kod ɗin yakan fito ya fi gajarta, babu "idan" a cikinsa.

Ba don ado ake son haka ba. Kowane "idan" reshe ne, kuma reshen da ba a cika bi ba nan kuskure ke kwanciya shekara da shekaru, har ranar da zai kayar da injin wani. A kanel mai miliyoyin layuka da dubban hannaye ke taɓawa, wanda ya iya juya matsala har keɓantaccen hali ya zama na kullum ya rage wa duk na bayansa wahala. Linus yakan kira wannan ɗanɗano mai kyau, kuma shi yake nema a wurin waɗanda yake amince wa. Gaskiya ne cewa harshensa ya yi kaifi wajen ƙin abin da bai yi masa ba, har ya ɓata wa mutane da yawa rai, kuma a 2018 shi da kansa ya nemi afuwa ya ɗan janye na wasu makonni. Zagin bai taɓa zama ɓangaren gwanintar ba, idon ne.

Babbar jarrabawar wannan ido ta zo masa ne a kan aikinsa na kansa. Tun Janairun 1992 Tanenbaum ya soki Linux a fili, ya ce tsarinta tsohon yayi ne, kuma ɗaure ta da 386 kuskure ne. A batu na biyu malamin yana da hujja, Linus ma bai ɓoye ba tun farko. A 1994 Jon Hall na kamfanin DEC ya sa aka ba shi inji mai firosesa Alpha, wanda ke aiki da lambobi masu faɗin bit 64 a maimakon 32. Hanya mai sauƙi ita ce a kwafi kanel ɗin a gyara kwafin don Alpha, a riƙa rainon biyu. Linus ya zaɓi mai wuya: kod ɗaya, a tsame duk abin da ya shafi wani firosesa na musamman a killace shi a gefe. Wannan na nufin komawa kan abin da ya rubuta yana ɗan shekara 21, ya farauto kowane wurin da ya ɗauka cewa adireshi bit 32 ne, ko cewa duk inji yana yin abu yadda 386 ke yi. Teburin da ke nuna inda kowane shafin ma'adana yake, a 386 hawa biyu ne, a Alpha hawa uku. Bai cika kanel da "idan Alpha ne" da "idan 386 ne" ba. Ya sa kanel ya ɗauka ko'ina hawa uku ne, a 386 kuma hawan tsakiya ya naɗe ya zama ba ya cin komai. Sigar 2.0 ta Yunin 1996 ta fito tana gudu a kan injina iri-iri daga tushe ɗaya.

Wannan rabuwa da 386 ce ta buɗe wa wasu hanyar kai Linux kan firosesa ARM, irin wanda ke cikin wayoyin hannu. Android a kan kanel ɗin Linux aka gina ta, don haka duk Tecno ko Infinix ko Samsung mai Android da ke aljihun mutum a Kano ko Maraɗi, wannan kanel ne ke raba lokacin firosesarta tsakanin WhatsApp da kira da rediyo. Tun Nuwamban 2017 kuma, duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita.

Shi kuwa Linus, duk tsawon ginin kanel ɗin har zuwa sigar 2.0, ɗalibi ne, yana taimaka wa malamai koyarwa a sashensu, karatun yana tafiya a hankali saboda Linux ta cinye lokacin. Bashin kwamfutar ma masu amfani da Linux ne suka yi karo-karo suka ƙarasa biya masa. Da lokacin rubuta kundin digirinsa na biyu ya yi, aikin Alpha ya ɗauka, ya rubuta a kan yadda ake sa babbar manhaja ɗaya ta hau injina mabambanta. A farkon 1997, yana ɗan shekara 27, ya bar Helsinki zuwa Kalifoniya don kama aiki a Transmeta, wani kamfanin ƙera firosesa, da yarjejeniyar cewa zai ci gaba da kula da kanel ɗin.